Lungu da Rijiya: Tsokaci a kan Zubi da Tsarin Labarin Zane a Wayar Hannu

A wani hutun Babbar Salla na je gida Gamawa, sai na tarar da ɗan ƙanena a zaure ya duƙufa a kan waya, babban yatsansa yana ta shafar fuskarta daga ƙasa zuwa sama kamar mai jan carbi. Na tambaye shi me yake kallo. Ya ce, "Baffa, ai karatu nake yi." Da na karɓa na duba, ashe labari ne cikin zane na mutanen Koriya, an fassara shi zuwa Ingilishi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne labarin ba shi da shafi ko ɗaya. Zane ne a bisa zane, an jero su tsaye kamar rawani da aka warware, ana ja yana zuwa. Wannan tsokaci zai dubi abin da rashin shafin nan yake yi wa tafiyar labari, da ribar da mai zane Bahaushe zai ci, da kuma hasarar da zai tafka idan ya rungumi tsarin ido rufe.

Mun saba, tun daga *Gadon Feɗe Waƙa* na Abdulƙadir Ɗangambo, da auna aikin adabi ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari. A labarin zane, zubi da tsari ya ƙunshi abin da babu shi a waƙa ko ƙagaggen labari, wato filin da ba a zana kome a cikinsa ba. Kowane zane yana zaune cikin ɗan gidansa mai kusurwa huɗu, tsakanin gida da gida kuwa akwai farin fili, wanda zan kira lungu. Scott McCloud, a littafinsa *Understanding Comics* (1993), ya nuna cewa a cikin wannan lungu mai karatu yake yin nasa aikin. Alal misali, a gida na farko an zana mahauci ya ɗaga wuƙa, a na biyu an zana nama a faifai. Ba wanda ya zana yankan, amma kowa ya gan shi. Mai karatu ne ya yanka.

A takarda lungun siriri ne, kuma mai zane ba ya iya hana ido yin riga-malam-masallaci. Da an buɗe littafi, ido ya riga ya share shafi biyu kafin a karanta kalma guda. Wurin ɓuya ɗaya kawai gare shi: bayan shafi. Shi ya sa gwanayen wannan fanni suke ajiye abin mamaki a farkon shafin da sai an juya za a gan shi. Haka aka tsara mujallar *African Film* mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, wadda samarin Nijeriya suka yi rububinta daga ƙarshen shekarun 1960, haka kuma *Ikebe Super* da Wale Adenuga ya fara a 1976.

Tsarin da na gani a hannun yaron nan daga Koriya ta Kudu ya taso, inda kamfanin Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, Naver ya bi baya a 2004, sannan aka fito da shi ga sauran duniya a 2014. Suna kiransa webtun. A nan lungu ya tashi daga siririn layi ya zama abin da mai zane yake awo da shi. In ya so ya matse gidaje biyu, abu ya faru kamar ƙiftawar ido. In ya so ya bar farin fili mai tsawon taƙi uku, mai karatu ya yi ta ja bai ga kome ba, gabansa na faɗuwa. Wato nisa ya koma lokaci.

Mu ɗauki labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura. A shafin takarda, kan macijiya yana nan a ƙasan shafi tun baƙon bai jefa guga ba, mai karatu ya gan shi, an gama. A waya kuwa, sai a zana bakin rijiya da hannu riƙe da igiya, daga nan igiyar ta miƙe ƙasa, farin fili ya riƙa rinewa yana komawa toka-toka har ya zama baƙi ƙirin, babu magana, babu mutum, sai igiya. Mai karatu da yatsansa yake zura gugar, gaba bayan gaba. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san wannan jira. Sai can a ƙasa idanu biyu su bayyana.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ita ce ta gwaggo mai tatsuniya, wadda kan yi shiru daidai lokacin da Dodo ya iso bakin ƙofa, ta gyara zama, ta sa a ƙara itace a wuta, yara suna "sai me, sai me?" Rubutu ya ƙwace mata wannan shiru. Ko a *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya, duk da ƙoƙarinsa, kalmomin ne suka tsira, numfashin mai faɗa bai shiga takarda ba. Abubakar Imam ya fahimci darajar jan rai har ya gina littafi na ɗaya na *Magana Jari Ce* (1937) a kansa: aku yana riƙe Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A can jinkiri shi ne ceton rai. Ina ganin dogon lungun webtun shi ne abu na farko da ya ba marubuci damar rubuta shiru, ya kuma ƙayyade tsawonsa. Har ila yau, ya kashe tsohuwar gardamar dama da hagu, domin ɗan boko da almajirin da ya saba da allo duk sun yarda cewa daga sama ake gangarowa.

To, amma fa kowane allazi da nasa amanu. Fuskar waya tsawo gare ta, ba ta da faɗi. Ta dace da rijiya, da faɗowa daga kan giginya, da hawaye, da mutum ɗaya cikin tunani. Ina za a sa hawan daushe? Ina za a sa jahi, inda mahaya ke sukuwa a jere kafaɗa da kafaɗa? Rayuwar Bahaushe ta taro ce: kasuwa, fada, dandali, zaman makoki. A irin waɗannan wurare ma'ana tana cikin wa ya zauna kusa da wa, wa ke bisa kilishi wa ke ƙasa. Idan aka yanka fada gida-gida aka jera fuskoki ɗaya ƙarƙashin ɗaya, an ba da maganar kowa amma an rushe zaman. Na gwada karanta *Malika: Warrior Queen* (2017) na Roye Okupe a waya, labarin da ya ɗauko hasken tauraruwarsa daga Sarauniya Amina ta Zazzau. An tsara shi ne don shafi, kuma a shafi fagen famansa yana da kwarjini. A waya sai mayaƙan suka koma kamar tururuwa, sai na buɗa da yatsu biyu, in duba nan in koma can, kafin in gama zafin yaƙin ya huce. Laifin ba na mai littafin ba ne. Amma darasi ne ga matasanmu da ke zana shafi irin na takarda, su ɗauki hotonsa su watsa a Facebook ko WhatsApp, suna zaton sun shiga zamani. Sun rasa juyin shafi, ba su kuma sami lungu ba.

Akwai wata matsala da mai zane a birnin Seoul ba lalle ta dame shi ba. Shirun da ya tsara na daƙiƙa biyu ne. A zauren gidanmu, da sabis ya yi rauni, sai na ga yaron nan ya tsaya a kan farin fili kusan minti guda, bai sani ba ko gwaninta ce ko hoton ne ya ƙi buɗewa. Daga bisani ya yi tsaki ya fita. Saboda haka mai zana wa mutanen Gamawa ko Azare bai kamata ya bar lungunsa fari fat ba. Ya ratsa shi da wani abu mara nauyi da zai shaida wa mai karatu cewa labari na tafiya: igiyar guga, sawun raƙumi, hayaƙi, ko baitin waƙar tatsuniya yana gangarowa kalma-kalma. Ya kuma tuna cewa kowane zane kuɗin data ne daga aljihun ɗalibi, don haka maimaicin nan na tatsuniya, inda yarinya kan gamu da abu uku a hanya tana rera waƙa ɗaya, sai a zana na farko cikakke, na biyu a taƙaice, a adana ƙarfi don na uku.

Game da taro kuwa, na ga wasu masu zanen Koriya suna kwantar da hoto a gicciye, sai mai karatu ya juya wayar kafin ya gani. Na tambayi ɗan ƙanen nawa ko yakan juya. Ya ce, "Wallahi Baffa, in ina kwance wucewa nake yi."