Ginshiƙan Nkembo da Kujerar Bishop

A unguwar Nkembo ta birnin Libreville akwai majami'ar Saint-Michel, wadda aka sassaƙa labarun Littafi Mai Tsarki a jikin ginshiƙanta na itace. Rufin ɗakin sujada aka yi su domin su ɗauka. Amma a Gabon, idan fada ta fara tangaɗi, da ikilisiya takan jingina.

Tsarin mulki ya raba gwamnati da addini. Duk da haka, sa'ad da mulkin Omar Bongo ya girgiza a 1990, Bishop Basile Mvé Engone aka ɗora bisa kujerar taron ƙasa. An sami jam'iyyu da yawa, amma Bongo bai sauka ba har mutuwarsa a 2009. Bayan juyin mulkin 2023 kuma, Akbishop Jean-Patrick Iba-Ba ya shugabanci taron 2024, Janar Oligui Nguema ya ci zaɓe a 2025.

Sulhunta mutane aikin Kirista ne, babu shakka. Amma wanda ya shimfiɗa wa sarki tabarma, da wuya ya ce masa ya tashi. Idan ikilisiya za ta shiga fada, ta shiga kamar annabi Natan gaban Dawuda: da bakin tsautawa, ta kuma san hanyar fita.