Jinjina ga masu zane a kan ƙarfe

Mai kallon zanen Bruce Onobrakpeya a bango ba ya ganin wahalar da aka sha kafin hoton ya hau takarda. Sai an shafe fallen tutiya ko jan ƙarfe da kaki, a bi shi da tsinin allura layi bayan layi, sannan a tsoma cikin ruwan asid ya ci inda aka karce. A cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da tafin hannu, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a murza inji. Komai kuwa a juye ake zana shi, dama ta koma hagu. Idan asid ya zarce, aikin makonni ya tafi ke nan.

Wannan dattijo, da aka haifa a 1932, a Zariya ya yi karatu, cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958. Ya zana hamadar da ke cinye Sahel, ya kuma zana kukan yankin Neja Delta bayan gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, lokacin da baki bai isa ya faɗa ba.

Abin da ya fi burge ni, falle guda yana haifar da kwafi da yawa, hoton ba zai maƙale a falon attajiri ɗaya ba. Tun 1998 yake tara masu koyo a garinsu, Agbarha-Otor, yana nuna musu yadda ake riƙe allurar. Allah Ya ƙara wa hannayen nan albarka.