Bin Sawun Baƙin Mai a Jikin Tsohuwar Fijo

Fijo 504 ta tsufa, amma har yanzu tana ci da gidaje. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. Kamfanin PAN ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma bai daina fitar da ita ba sai 2006. A ƙasar Batsari da Safana akan ci karo da fikof ɗinta ranar kasuwa, ta sha lodin gero da dawa har bayanta ya zauna. Motar da ta kwana biyu haka, da wuya a ce ba ta yoyon baƙin mai ta wani wuri. Abin da injinta yake ɗauka kuwa kimanin lita 4 ne. In ya tsiyaye injin ya buga, kuma babu direban da yake son motarsa ta mutu da yamma a hanyoyin da suka raɓi dajin Rugu.

Shi ya sa nake ganin girman makanikin da ya iya nemo bakin yoyo. Gyaran kansa sau da yawa bai wuce aikin rabin sa'a ba. Nemowar ce gwaninta, domin mai ba ya ɗiga daga inda ya fito. Gangarowa yake yi, iskar fanka da ta hanya su kora shi baya, ya bi gefen ƙarfe ya taru a inda ya fi ƙasa, sannan ya faɗo.

Gwani ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: “Direba, daga nan zuwa Katsina ka dawo, mai nawa kake ƙarawa? A tsaye take zubarwa ko sai ta yi tafiya?” Sai ya sa a tayar, ya zagaya baya ya dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin cin man yake yi, kuma wannan wata cuta ce daban. Ya zaro geji, wato siririn ƙarfen da ake auna mai da shi, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. In man ya haura alamar sama, an cika shi fiye da kima, kuma hakan kaɗai kan sa yoyo. In ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, galibi ta gaskit ɗin tof silinda.

Daga nan ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe ɗigon ya nuna gaba ne, tsakiya ne ko baya. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina. Man inji baƙi ne mai ƙauri. Man giya ya fi kauri, da wari mai hawa kai. Man birki tsararo ne, kuma wanda ya gan shi ya san maganar ta wuce ta inji, ta koma ta rai.

Sai wanki, aikin da malalaci yake gudu. Ƙurar hanya da ta hunturu sun haɗu da mai sun yi wa injin ɓawo, ko'ina baƙi ƙirin. Kafin ya taɓa, gwani yakan tsaya ya karanci wannan dattin. Inda ya bushe ya daskare, tsohon yoyo ne. Inda yake sheƙi, sabo ne. Inda kuwa aka ga ƙarfe fes a tsakiyar datti, nan mai yake gudu da ƙarfi har ya wanke wa kansa hanya. Ya jira injin ya huce, ya ɗaure distiributo da kafireto da leda, yaransa su bi lungu-lungu da kananzir da buroshi, a goge da tsumma, a bar rana ta busar.

Abin da ya fi burge ni shi ne hoda. A Turai da Amurka akwai rinin da ake zubawa cikin mai, a haska da wata fitila ta musamman ya yi ƙyalli. Makanikinmu hodar shafawa yake barbaɗawa a mahaɗar ƙarafa, ko tankaɗaɗɗiyar toka. Ya tayar da injin, ya riƙe tocila da guntun madubi, ya tattare hannun riga saboda fanbel, ya yi shiru yana kallo. Can sai wani siririn layi ya yi duhu a cikin farin. Ba ya tsayawa a inda ya fara ganinsa. Sama yake bi da shi, gaba yake bi da shi, har ya kai wurin da babu sauran danshi a bisansa. Nan ne bakin yoyon.

Ya san inda ake zargi, kuma daga sama yake farawa, daga mai araha. Akwai gaskit ɗin murfin sama. Injin 504 a kishingiɗe yake, don haka mai yakan taru a gefen da ya kwanta, ya nemi kusurwar da gaskit ya bushe. Akwai makunnin fitilar mai, ɗan abin da ke kunna jar fitila a gaban direba: in ya tsage ba ya zubarwa sai injin na aiki. Akwai zoben robar filta, wanda tsohonsa kan manne a jikin inji, mai gaggawa ya ɗaura sabo a kansa su zama biyu. Oyil sil na gaba, robar da ta zagaye bakin karanshaf a bayan fuli, in ta mutu fesa mai take yi a kewaye. Can ƙasa kuma ga botom filet da washar notin juye mai.

Wanda kowa ke tsoro shi ne yoyon baya, tsakanin inji da giyabos, domin sai an raba su biyu kafin a kai gare shi, kuma in an bar shi man kan jiƙa kulochi ya riƙa zamewa. A nan ake gane mai amana. Mai da yawa da ake gani a wurin daga sama ya gangaro, daga kusurwar murfi ko makunnin fitila. Wanda bai yi wanki ba sai ya sauke inji, direba ya yi asarar kuɗi da kwanakin lodi, yoyo kuma na nan.

Akwai wani ilimin da ido ba ya gani. Injin yana da bututun numfashi da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. In ya toshe, ko ringi ya cinye iska na kuɓucewa ƙasa, sai ta rasa mafita ta tura mai ta kowace kafa. Saboda haka in gwani ya ga yoyo wuri uku ko huɗu a lokaci guda, ba ya gaggawar aikawa a sayo roba. Murfin zuba mai yake buɗewa injin na aiki, ya kara tafin hannu ya ji ƙarfin hucin, sannan ya zare bututun ya wanke.

In gaskit ne kuma babu shi a shago, yankawa yake yi. Ya ɗora takardar gaskit a kan ƙarfen, ya bi gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta fito da ramukanta. Bakin murfin da ya lanƙwashe ya daidaita shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Gam kaɗan yake shafawa, don wanda ya yi yawa yakan ɓalle ta ciki ya toshe rariyar famfon mai. Notuna kuma ba a jere yake ɗaure su ba: wannan, sai na daura da shi, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don gaskit ya kwanta daidai bai tsage ba.

Bayan ya gama yakan sake barbaɗa hoda, ya shiga gaba kusa da direba su ɗan taɓa tafiya a hanyar Safana har injin ya yi zafi sosai, domin wani yoyon ba ya nunawa sai mai ya tsinke. Su dawo, ya sake shiga ƙarƙashi da tocila. In hodar tana nan fara, sai ya nuna wa direba inda mai ya tsaya a geji, ya ce ya riƙa dubawa kowace safiya kafin ya tayar, ranar kasuwa mai zuwa kuma ya biyo da ita a sake gani.