Ƙofar Jami'a da Waɗanda Su Ke Shiga

Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka sami shiga ba su taka kara sun karya ba, gama makarantun sakandare kaɗan ne ƙwarai a wannan ƙasa. Don gyara wannan ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Bayan an kafa hukumar JAMB a 1978, sai aka zo da wani tsari na raba guraben jami'o'in Tarayya kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi cin jarrabawa, 35 ga 'yan yankin da jami'a ta ke, 20 kuwa ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko.

Lalle niyyar da aka yi tsarin da ita mai kyau ce, ya kuwa amfani mutane da yawa. Amma akwai babban aibu cikinsa, watau jiha ya ke dubawa, ba gida ba. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a birni, ya yi makarantar kuɗi, da ɗan manomi wanda makarantar ƙauyensu ba ta da malamin lissafi, duk takardar asalin jiha guda su ke riƙe da ita. In aka haɗa su takara kan gurbi ɗaya, kowa ya san wanda zai ɗauka. Ashe gurbin da aka keɓe don na baya, na gaba ne ya kan cinye shi, sa'an nan a rubuta cikin littafi an taimaki jihar. Maganar 'ya mace kuwa, wadda aka cire daga aji tun kafin ta kai ga jarrabawar, tsarin bai ko tuna da ita ba.

Abin da aka yi a Kano ya fi wannan kusa da gaskiya. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, ta karɓi ɗaliban da suka fito daga Makarantar Koyon Arabiyya, har mutumin da ya soma da allo ya kai ga digiri. Ko da ya ke hanyar ƙunƙunta ce, mafi yawa ga Arabiyya da ilmin addini ta ke kaiwa, duk da haka ta shigo da mutanen da dā ba a lissafa su ba ko kaɗan.