Bakin Doki Bayan Hawa: Nazari kan Horon Dawaki a Sokode da Dapaong

A watan Maulidi, idan Kotokoli suka fito bikin Adosa a Sokode, akwai lokacin da hankalin kowa kan koma wuri ɗaya. Mahayi ya sako doki a sukwane daga can ƙarshen fili, rawani na kaɗawa, sai ya zo daf da inda manya suke zaune ya zame shi. Ƙafafun baya su shige ƙarƙashin ciki, ƙura ta turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. Kafin ƙurar ta lafa makaɗa sun juya kiɗa, dokin kuma ya shiga taka rawa, yana ɗaga ƙafa yana saukewa daidai da bugun ganga. Bahaushen da ya saba ganin jafi a ƙofar fadar Kano ko Katsina ba ya neman tafinta a nan.

Ina son wannan kallo ƙwarai. Amma na daɗe da saba wa kaina da wani kallon na biyu, wanda ake yi bayan taro ya watse an kwance sirdi. Bakin dokin nake dubawa. Wani za ka tarar da farar kumfa kawai, yana tauna yana lumshe ido. Wani kuwa kumfar ta yi ja, gefen leɓe ya tsage, ka miƙa hannu ya fizge kai sama. Dukansu sun yi rawa, dukansu an yi musu guɗa, amma hanyar da aka bi da su kafin su kai filin ba ɗaya ba ce.

Doki a ƙasar Kotokoli baƙo ne da ya zama ɗan gida. Yankin yana kan tsohuwar hanyar fataken goro, wadda ta taso daga Kano ta ratsa Borgu da Zugu ta nufi Salga a ƙasar Gwanja. Ayarin da ke sauka da kanwa da tufafi da fatu shi ne ke sauka da dawaki, kuma unguwar Didawure, wadda ta zama zuciyar Sokode ta Musulmi, zangon irin waɗannan baƙi ce tun asali. Da yake ƙudan tsando ya yi yawa a nan, sammore kuma ba ta barin doki ya daɗe, sai an riƙa sayo sababbi daga arewa. Masanin tarihi Robin Law ya nuna a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma cewa haka duk masarautun da ke bakin kurmi suka rayu, suna dogara da dawakin da ake kawo musu. Abin da ke da tsada, ga saurin mutuwa, dole ya zama na sarakai da mayaƙa. A ƙarni na 19 mahayan da ake kira Semasi su ne ƙarfin sarautar Cawujo ta Kotokoli, kuma sarkinta Uro Jobo Bukari na Paratawo, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Jamusawa a 1889, da su ya yi suna. Aikinsu yaƙi ne da hari, har da kamun bayi a ƙasashen maƙwabta.

Wannan tarihi yana nan cikin bakin dokin yau, domin linzamin da muka gada kayan yaƙi ne. A duba ƙirarsa. Ƙarfe ne mai dogon harshe da ke miƙewa zuwa ganɗa, ga zobe da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa. Yana zama a kan dasashi, a filin nan da ba haƙori tsakanin haƙoran gaba da matauna, inda fata ce 'yar siririya a kan ƙashi. Da an ja kamazuru, harshen ya soki ganɗa, zoben ya matse haɓa. Barde mai mashi a hannun dama yana bukatar abin da zai tsayar da ingarma nan take da hannun hagu kaɗai, don ransa na rataye a kan haka. Maƙeran da suka ƙera shi sun san aikinsu. A hannun gwani ma linzamin nan kusan ba a jansa, motsin yatsa ya isa. Matsalar ita ce yaƙi ya ƙare, linzamin bai canja ba, hannayen da ke riƙe shi kuma sun canja. Da yawa daga masu hawa a yau, a Sokode ko a Zariya, ba sa taɓa dokin sai ranar biki. Wani ma aro ya yi ko haya.

Wanda ya san dokin yana barga. Yaron doki ne, wani lokaci ɗan gida, wani lokaci ɗan aiki. Tun da asuba ya share wurin, ya kwashe kashi, ya jiƙa dusa da ɗan jar kanwa. Hantsi ya tafi yankan ciyawa. Shi ke cire kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, shi ke ɗaga kofato ya ƙwaƙule tsakuwa. Ka lura da yadda yake shiga: ba ya zuwa ta baya, ba ya zuwa kai tsaye ta goshi, ta kafaɗa yake bi yana magana ƙasa-ƙasa, dokin kuma ya amsa da ɗan gurnanin nan na cikin hanci da ba ya yi wa kowa sai mai ba shi abinci. Babu wanda ya karanta wa yaron cewa idon doki na ganin kusan duk kewayensa in ban da gaban goshi da bayan wutsiya. Harbi ɗaya da ya sha, da gargaɗin wani dattijo, su suka koya masa. Da la'asar sai ka gan shi ya ɗare bayan ingarman ba sirdi, ba linzami, ragama ce kawai ta igiya, sun nufi rafi wanka. Dokin da ake cewa ba ya tsayuwa sai da ƙarfe mai zobe, ga shi yana tsayawa da igiya da murya. Duk hujjar wannan nazari tana cikin tafiyar nan zuwa rafi.

Shi ya sa nake ganin bai kamata mu karɓi abin da ake yayatawa daga Amurka a matsayin baƙon ilimi ba, wato horon doki ta hanyar shaƙuwa da yarda. Tom Dorrance da Ray Hunt, makiyayan shanu na yammacin Amurka, su suka fara jawo hankali gare shi, Pat Parelli ya mayar da shi darussan sayarwa, Monty Roberts kuma ya yi suna bayan ya nuna fasaharsa gaban Sarauniyar Ingila a 1989. Tun kafinsu da fiye da shekara 2,000 Bagirke Zenofon ya yi rubutu yana hana tunkarar doki cikin fushi. Mu ma muna da namu: hadisi ingantacce ya hana dukan dabba a fuska. Amma akwai abu ɗaya da mutanen Amurkan nan suka fayyace wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Doki ba daga matsi yake koyo ba, daga sakin matsin yake koyo. Ka ja ragama kaɗan, ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gaba, ka saki nan take: abin da ya fahimta shi ne takun nan ya kawo masa sauƙi. In ka makara da sakin ko da daƙiƙa biyu ne, darasin ya ɓace. In kuwa ba ka saki ba sam, ka koya masa cewa biyayya ba ta da amfani, sai ya nemi wata mafita. Yawancin abin da muke kira tutsu ko turjiya daga nan yake tsirowa. Mahayin da ke dukan ciki da kaifin likkafa alhali ya ɗame linzami yana cewa tafi da tsaya a lokaci guda, sannan ya zagi dokin da taurin kai.

Inda na rabu da su shi ne maganar shugabanci. Suna cewa ka zama shugaban garke, ka kora dokin a cikin zagayayyen shinge har ya sallama ya biyo ka, wai ya karɓe ka a matsayin babba. Ƙungiyar masana kimiyyar hawan doki ta duniya ta fitar da matsaya a 2017 tana gargaɗi kan wannan fahimta, don babu hujjar cewa doki na ɗaukar mutum a matsayin doki ɗan'uwansa, balle ya ba shi muƙami. Dokin da ya biyo ka a shingen ya gano ne cewa kusa da kai ake daina korarsa. Dabarar tana aiki, fassarar ce ba daidai ba. Kuma fassarar na da haɗari a wurinmu fiye da can, domin mu doki tun asali alamar mulki ce. Muna da Madawaki, muna da Shamaki mai kula da bargar sarki. Ka gaya wa saurayi mai jini a jika cewa sirrin doki shi ne ya san kai ne shugaba, abin da zai ji shi ne a ƙara bulala. Abin da doki ke nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuya: mutumin da halinsa na yau shi ne na jiya, wanda alamarsa ɗaya ke nufin abu ɗaya kullum. Binciken da aka yi a Jami'ar Sussex ta Ingila, aka buga a 2016 da 2018, ya nuna doki na bambanta fuskar fushi da ta fara'a, har yakan tuna wanda ya ɗaure masa fuska bayan sa'o'i. Yaran barga ba za su yi mamakin wannan ba.

In ka hau babbar hanya daga Sokode ka wuce Kara da Sansanin Mango, wanda kalmar farko ta sunansa ma Hausa ce, za ka isa Dapaong, ko Dapango a bakin tsofaffi, babban garin yankin Savanes kusa da iyakar Burkina Faso. Ƙasa ta buɗe, iska ta bushe, jikin doki ya fi samun lafiya. Nan ƙasar Moba ce da Gurmawa, ga Fulani da Mosawa da Hausawan zango. A ƙetaren iyaka doki ya shiga har cikin labarin asalin Mosawa, na gimbiya Yennenga da ɗanta Wedraogo, wanda ma'anar sunansa ingarma. Amma dabbar da za ka fi cin karo da ita a titin Dapaong jaki ne da amalanke, a gona kuma shanun huɗa, sauran aikin babur ya karɓe. Wannan ya sa darasin ya fi fitowa fili a nan. Manomin da ke horar da bijimai biyu ba shi da taron da zai burge. Idan ya tsorata su da duka a farkon horo, kunyarsa za ta karkace damina bayan damina, shi zai yi asara. Don haka yake farawa da sa musu karkiya su yi ta yawo ba garma, sai ya ɗaura ɗan gungume, sai daga baya ƙarfe ya shiga ƙasa, kowane da sunansa da kalmar da ake juya shi da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hankali. Jakin amalanke kuwa, mai gyambo a gadon baya da tabon sanda a ɗuwawu, shi ne shaidar abin da ke faruwa idan dabba ta yi arha a idon mai ita.

Akwai wani gefen al'adar da ba a cika magana a kai ba, shi ne turke. Doki dabbar garke ce, cikinsa ƙarami, an halicce shi ya yini yana tafiya yana tsinkar ciyawa, har sa'a 16 a rana in an bar shi. Mu kuwa mun fi son ingarma, mu ɗaure shi shi kaɗai da dabaibayi a wuri ɗaya, mu cika shi da dawa da gero don ya yi ƙiba ya yi sheƙi. Ranar hawa a fito da shi cikin ganguna da bindigogi da ƙamshin goɗiya, ƙarfin wata guda na tafasa a jikinsa. Dole a nemi ƙarfe mai zafi a riƙe shi. Magabata sun san maganin wannan, shi ya sa kilisa ta zama ƙa'ida: a fita da doki kullum da yamma ya miƙe ƙafa, ya saba da kasuwa da kiɗa da mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gidan da kilisa ta mutu, za ka tarar linzaminsu ya ƙara nauyi.

Ban ce a daina zamiya ko rawa ba. Doki na iya koyon dukansu da sauƙin hannu, kuma gwanayen Sokode da ke zaune daram a sirdi kamazuru na lilo sun tabbatar da haka. Abin da nake fata shi ne masu shirya hawa, a Cawujo ko a masarautunmu na Arewa, su sa wani dattijo masani ya duba bakin dawaki da haƙarƙarinsu bayan an sauka, yabo da kyauta su bi ta kan wannan. Maƙera su ƙera linzami mai gajeren harshe da santsin baki domin masu koyo, mai zoben ya zama sai wanda hannunsa ya nuna. Mai doki kuma ya riƙa shiga barga da kansa, ko sau biyu a mako, ya karɓi buroshi daga hannun yaron, ya tambaye shi abin da dokin ke tsoro da inda yake so a sosa masa. Sau da yawa wannan yaron ko sunansa ba a ambata ranar biki, yana can baya riƙe da igiya da bokitin ruwa.

Washegarin hawa shi ne zai dama ruwan gishiri mai ɗumi ya wanke bakin, shi zai ga ko dokin ya ci dusarsa ko ya sunsuna ya bari. Bayan kwana uku ko huɗu, in za a fita, zai ɗauko linzamin ya tsaya ta kafaɗar hagu ya miƙa. Wani dokin zai sauke kai ya buɗe baki da kansa. Wani zai datse haƙora ya ɗaga kai sama iya tsawon igiya, har sai yaron ya hau kan turmi kafin ya kai gare shi.