Injin iska na gida: kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka

Tsadar fetur da yawan ɗauke wuta sun sa mutane na neman mafita ta ko'ina, shi ya sa tallan ƙananan injinan iska ya yawaita a Facebook da shagunan intanet. Za ka ga an rubuta wat 400, ko wat 1000, wani ma har wat 2000, sannan a ce maka injin yana aiki dare da rana, sola kuwa da magariba ta tashi daga aiki. Maganar tana da daɗin ji. Matsalar ita ce lambar da ake tallatawa ba ita ce wutar da za ta shiga batirinka ba.

Ana auna wannan lamba ne a iska mai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa, irin iskar da ke kaɗa manyan rassan bishiya. Ita kuma wutar da ke cikin iska ba daidai da gudunta take raguwa ba. In gudun ya ragu da rabi, wutar komawa take kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan injin da ke ba da wat 400 a mita 12, wat 50 zai ba ka a mita 6. A mita 4 kuwa, wajen wat 15 ne, wato ƙwan fitila biyu. Ko an yi masa adalci an ninka saboda lokutan da iska ke tasowa, da ƙyar ya haɗa kilowat-awa ɗaya a yini da kwana. Farantin sola mai wat 400 a Kano ko Zinder yakan ba da fiye da kilowat-awa ɗaya da rabi, kuma babu abin da ke juyawa a jikinsa balle ya lalace.

Abu na biyu shi ne faɗin farfela. Kimanin shekara ɗari ke nan da masanin nan Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Farfela mai faɗin mita 1.2, a iskar mita 12, ƙarfin da ke ratsa ta bai kai wat 1,200 ba. Iyakar abin da za ta iya kamawa wajen wat 700 ne. To wanda ya rubuta wat 2000 a jikinta, daga ina ya samo sauran?

Sai batun ɗora injin a kan rufi, wanda 'yan talla suka fi son nunawa a hoto. An gwada wannan a Birtaniya. Rahoton da Energy Saving Trust ta fitar a 2009 ya nuna cewa cikin injinan da aka kafa a jikin gine-ginen birni da kewayensa, babu wanda ya haura kilowat-awa 200 a shekara, wasu ma wutar da na'urorinsu suka ci ta fi wadda suka samar. Wannan fa a ƙasar da ta fi mu iska nesa ba kusa ba. Dalili kuwa gidaje da katanga da bishiyoyi suna dagula iska, sai injin ya yi ta waige-waige yana girgiza gini. Ma'aikatar makamashi ta Amurka na ba da shawarar farfela ta ɗara duk wani abu da ke kusa da ita da aƙalla mita 9. Mu duba na Lambar Rimi a Katsina: injina 37 ne, kowanne kilowat 275, a fili fetal, a kan turaku masu tsayin fiye da mita 50. Ba don ado aka kai su can sama ba.

Ba muna cewa injin iska ba shi da amfani ba ne. Mai gona a buɗaɗɗen fili ko a kan tudu, inda iska ke kaɗawa da dare ko lokacin hunturu da ƙura ke rage wa sola ƙarfi, zai iya haɗa su biyun ya ji daɗi. Amma sai ya shirya wa kuɗin turke mai tsayi, da birkin da zai tsayar da injin in guguwar farkon damina ta taso.

Kafin ka biya, duba yankinku a taswirar Global Wind Atlas, kyauta ce a intanet. In matsakaicin gudun iska a tsayin da za ka kafa bai kai mita 5 ba, ƙara farantin sola da batir ya fi maka. Sannan ka tambayi mai sayarwa abu biyu: nawa ne faɗin farfelar, kuma wat nawa take bayarwa a mita 5? In ya kasa amsawa ya koma nuna maka lambar kwali, riƙe kuɗinka.