Kalmar «izini» tsakanin doka da ɗa'a: nazari a kan dokar kwamfuta ta Amurka

A cikin wannan maƙala za mu duba dokar da Amurka ta kafa a 1986 don hukunta zamba da ɓarna ta hanyar kwamfuta. Ginshiƙinta kalma guda ce, wato «izini»: mai laifi shi ne wanda ya shiga na'ura ba da izini ba, ko wanda ya ƙetare iyakar izinin da aka ba shi. A ganinmu kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu da dokar ba ta rarrabe ba: izinin shiga, da izinin yin amfani da abin da aka tarar a ciki.

Misali na farko shi ne na Aaron Swartz. Tsakanin 2010 da 2011 ya kwafi maƙalun ilimi kimanin miliyan 4.8 daga rumbun JSTOR ta hanyar na'urorin jami'ar MIT, yana kewaye shingayen da aka gitta masa. Ya mayar da abin da ya kwafa, JSTOR kuma ta ce ba za ta kai shi ƙara ba. Duk da haka, a 2012 gwamnatin tarayya ta tuhume shi da laifuka 13. Ya kashe kansa a watan Janairu na 2013, yana da shekara 26, kafin a fara shari'ar.

Na biyu shi ne na Nathan Van Buren, ɗan sanda a jihar Jojiya, wanda ya karɓi kuɗi don ya bincika wa wani lambar mota a rumbun bayanan ƴan sanda. A 2021 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke cewa bai karya wannan doka ba, tun da yake aikinsa ya ba shi damar buɗe rumbun. Hukuncin ya rataya ne a kan fassarar wata ƙaramar kalmar Ingilishi, «so», da ke cikin nassin.

Ke nan wanda ya ci amana don kuɗi ya kuɓuta daga wannan doka, wanda kuwa bai sayar da komi ba ta yi masa nauyi. Dalili shi ne nassin ya mai da hankali ga ƙofa, ita kuwa ɗa'a niyya take aunawa, da cutarwa, da amana. Dokar Godfrain ta Faransa, ta 1988, ta ɗan fi kusantar ɗa'a, domin ta gindaya sharaɗin cewa shigar ta kasance ta hanyar zamba.

Ba muna neman doka ta hukunta kowane rashin ɗa'a ba. In aka yi haka, duk ma'aikacin da ya duba saƙonsa a kwamfutar ofis zai zama mai laifi. Abin da muke suka shi ne barin ƴancin mutum ya dogara ga kalma mai harshen damo. Wajibi ne marubutan doka da masu fassara ta su bayyana wane izini suke nufi.